Harbi Ɗaya

Harker Run, Pennsylvania
Satumba, 1983

Vonnie matata,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da yayarki Twila da mijinta Hoyt, kuma ƙafar nan taki ta daina kumbura. Ni lafiya lau. Tarin ne dai da safe, shi ma in na sha kofi mai zafi sai ya lafa. Kada ki ce in je asibiti, na riga na ji.

Gida bai sayu ba. Allon sayarwa yana nan a ƙofa, har rana ta fara cinye rubutun, kuma kusan kowane gida a layinmu yanzu yana da irinsa. Wani mutum ya zo da matarsa suka zaga. Matar ta leƙa kicin ta ce, "Wannan ƙofar ba ta rufuwa ne?" Na ce, "Tana rufuwa, sai dai tana son lallashi." Ba su yi dariya ba, ba su kuma dawo ba.

Zancen sake buɗe mahaƙar kwal ki cire shi a ranki. Sun kashe injinan janye ruwa, ramin ya fara cika. Da suna da niyyar kiranmu da ba su bar ruwa ya shiga ba.

To ga abin da nake son faɗa miki, ki zauna kafin ki karanta. Ina kwashe tarkacen da ke shagon baya sai na ci karo da katakon itacen mepul ɗin nan da Baba ya yanka ya ajiye a saman rufi tun muna saurayi da budurwa. Kin tuna ya ce zai ƙera bindiga da shi, irin ta kakanni mai dogon hanci, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki? Har ya rasu bai taɓa shi ba. Na goge ƙurar na shafa masa ruwa, sai ga zane ya fito a jikinsa layi-layi kamar an zana da hannu. Na daɗe a tsaye ina kallo.

Na kai wa tsoho Ankeny mai gyaran bindigogi. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Katako dai ya yi. Kai ne ban sani ba." Na ba shi injin kwalekwalena, shi kuma ya ba ni bututun ƙarfe da ƙyastu da 'yan tagullar da ake sa wa ƙota.

Kin san ban taɓa ƙera komai ba. Rayuwata duk a fasa dutse cikin duhu ta ƙare. Amma yini yana da tsawo, Vonnie, in mutum ba shi da inda za shi. Na gaji da kallon talabijin yana kallona.

Mijinki,
Doyle

Houston, Texas
Oktoba, 1983

Doyle,

Wasiƙarka ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi in na ɗora ta a kan matashi. Twila da Hoyt suna gaishe ka. Tarin nan kuwa ba kofi ne maganinsa ba, amma na san da bango nake magana.

Bindiga! Na karanta wa Twila wurin, ta yi dariya har ta ƙware da shayi. Mutumin da ƙofar kicin ta gagare shi tun muna amarya da ango, shi ne yau zai ƙera bindiga. To, sannu da aiki, maƙeri. Ban hana ka ba. Da ka zauna a mashaya da su Harlan, gara ka zauna da katako. Amma injin kwalekwalen da ka bayar, da ka tambaye ni.

Aiki a gidan kula da tsofaffi yana nan yadda ka sani, ɗaga wannan, wanke wancan, tun safe har ƙafa ta ƙi. Akwai wani tsoho da ke kirana da sunan matarsa da ta mutu tuntuni. Kullum sai ya kama hannuna ya ce, "Yaushe za mu koma gida?" Ni kuma in ce masa gobe.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Hoyt ya yi wa shugabansa magana a babban siton da yake aiki. Suna neman mai tuƙa injin ɗaga kaya, kuma mutumin ya yarda ya riƙe maka gurbin zuwa ƙarshen Nuwamba. Ba don kai ya yi ba, don Hoyt ya yi, kuma samari suna nan a ƙofa kullum suna nema. Ka rufe gidan, ka ba ƙanena Wendell makulli, in mai saye ya zo ya nuna masa. Katakon ka ɗauro shi a bayan mota in ka ga dama. A nan ma akwai tebur.

A ɗakin ɗinkin Twila nake kwana, a kan gado mai naɗewa. Ba ta taɓa nuna mini ta gaji ba, amma ina jin yadda Hoyt ke rufe ƙofar firji. In ka zo muka haɗa albashi biyu, sai mu kama namu wurin.

Ban yi aure don in riƙa karanta mijina a takarda ba. Ka rubuto mini ranar tasowarka.

Taka,
Lavonne

Harker Run
Farkon Nuwamba, 1983

Vonnie,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Jiki da sauƙi. Sanyi ya fara shigowa, tarin ya ɗan ƙaru, ba wani abu ba ne. Ki kula da ƙafarki.

Labari mara daɗi zan fara da shi. Harlan Pyle ya rasu. A garejinsa aka same shi ranar Lahadi, kuma da hannunsa ya yi. Matarsa ta dawo daga coci ta tarar. Tare muka fara shiga rami da shi, tare aka sallame mu. Ranar Juma'a ma mun tsaya a layin karɓar cukun gwamnati yana ba mu dariya, wai ya ci cukun nan har ɓeraye sun fara gaishe shi da girmamawa. A wurin binne shi na tsaya ina kallon akwatin, abin da ya zo mini a rai shi ne, to, shi dai ya huta da tsayuwa a layi.

Aikin bindiga ne ya riƙe ni a kwanakin nan. Bari in faɗa miki yadda yake. Sai in kunna kyandir in turara wa bututun hayaƙi har ya yi baƙi, in kwantar da shi a kan katakon, in ɗaga. Duk inda baƙin ya taɓa, nan zan sassaƙe da kurfi, siriri kamar ɓawon albasa. In sake turarawa, in sake kwantarwa. Haka tun safe har yamma, ƙarfen yana nutsewa cikin katakon kaɗan-kaɗan. In ina yi ba na tunanin komai. Rabon da kaina ya yi shiru haka na manta.

Makon jiya kurfin ya kuɓuce mini ya ɓula gefen katakon. Na zagi kaina, na zagi kurfin, na ɗauka na kai wa Ankeny kamar mai kai mara lafiya asibiti. Ya duba ya ce, "Liƙa masa wani guntu ka ci gaba. Bindigar farko ta kowa mummuna ce. Duk wanda ya nuna maka tasa mai kyau, saya ya yi."

Na fara rage kaya. Karenmu Tip na kai shi gidan Wendell, yaran suna sonsa. Bindigata ta zamani na ba babban ɗansa. Takalman aiki da hular rami na kai coci, ko wani zai amfana. Na je na share kabarin Baba da Inna, na cire ciyawa.

Zancen aikin Hoyt, ki gode masa ƙwarai. Ba zan iya tasowa a Nuwamba ba, sai na gama wannan abin. Bayan Kirsimeti ake buɗe daji ga masu irin wannan bindiga, zan hau tudun Baba ni kaɗai. Ba ta da harsashi na biyu, Vonnie. Harbi ɗaya take yi, ni ma ɗaya nake nema. Daga nan kin huta da jirana.

Doyle

Houston
Nuwamba, 1983

Doyle,

Lafiyata ƙalau, in ma ka damu. Ka yi haƙuri da rubutun, da sauri nake yi.

Jiya wasiƙarka ta zo, ban san inda ta tsaya a hanya ba. A tsaye na karanta ta, na sake karantawa a zaune. Ka ba da kare. Ka ba da takalma. Ka share kabari. Harlan ya huta, ni ma zan huta. Me kake faɗa mini, Doyle? Me kake ƙerawa a ɗakin ƙasan nan?

Na buga wayar gida na tarar har yanzu a yanke take. Na roƙi hutu a wurin aiki, suka ce in na tafi kada in dawo. Don haka na kira Wendell na karanta masa. Na ce ya je yau, ya karɓe ƙarfen nan daga hannunka ko da kokawa.

Ga wasiƙarka na mayar maka, na ja layi a ƙarƙashin wuraren. Ka karanta da idona.

In ka ga dama ka ƙi ni. Amma ka ƙi ni kana numfashi.

Lavonne

Harker Run
Ƙarshen Nuwamba, 1983

Yaya Vonnie,

Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Kin san ni da rubutu ba ma shiri, amma a waya na kasa faɗa miki duka, Hoyt yana kusa da ke.

Na je kamar yadda kika ce. Na ɗauki Fasto Lohr. A hanya sai na yi tunani, mutum da bindiga, in abin ya ɓaci fa? Sai na tsaya na ɗauki ɗan sandan nan Mostoller, tunda tare muka yi makaranta. Na ce ya zo a motata, ya ce doka ba ta yarda ba, ya biyo mu da tasa mai fitila a kai. Wannan laifina ne, ba naki ba. Ranar Asabar ce da hantsi, duk layin suna waje suna share ganye.

Muka same shi a ɗakin ƙasa, gilashi a kan hanci, yana goge ƙotar da magagari, rediyo na yi. Na rantse miki fito yake yi da baki. Ya ɗago ya gan mu ya ce, "A'a, Wendell! Da fasto, har da ɗan sanda? Wa ya mutu?"

Fasto ya ce, "Babu wanda ya mutu, Doyle. Shi ya sa muka zo."

Bai gane ba da farko. Sai da na ce, "Vonnie ce ta kira, ta ce wasiƙarka ta tsorata ta." Ya cire gilashin ya dube ni. Ya ce, "Barewa nake nufi, kai sakarai. Barewa ɗaya, in harba in taho." Mostoller ya ce, "Mun yarda, Doyle, amma ka bari Wendell ya ajiye maka ƙarfen na ɗan lokaci." Da irin muryar da ake yi wa yaro mai zazzaɓi ya faɗa.

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ya yi da na fi jin daɗi. Da hannunsa ya zare bututun daga katakon, ya shafa masa mai, ya naɗe shi a tawul ya miƙo mini. Ya ce, "A kwance za ka ajiye shi, inda ba danshi." Fasto ya ce ko za mu yi addu'a. Ya ce, "Ku yi a mota."

Da muka fito, matar Harlan tana tsaye a ƙofarta, hannu a baki. Kafin yamma labari ya gama gari. Ranar Lahadi aka ambaci sunansa a coci cikin waɗanda ake yi wa addu'a, shi da masu ciwon daji.

Na koma bayan kwana biyu da miyar wake. Ya karɓa a bakin ƙofa, bai ce in shiga ba. Na ce ko yana da saƙo zuwa gare ki. Ya ce, "Ka ce mata nata saƙon ya iso."

Ban san ko daidai muka yi ba, Yaya. Ƙarfen yana ƙarƙashin gadona.

Ƙanenki,
Wendell

Houston
Disamba, 1983

Doyle,

Ina gaishe ka, ko da ba ka amsawa. Ina lafiya. Wendell ya ce ya hango ka a kanti ka rame, kuma tarin har daga waje ana ji.

Wannan ce wasiƙa ta uku tun ranar. Ban san ko kana buɗe su ba.

Ba zan ba ka haƙuri don na ji tsoro ba. In ka sake rubuto mini irin waccan takardar gobe, zan sake kiran Wendell. Amma ɗan sanda ban aika shi ba, kuma ban ce a kai sunanka gaban coci ba. Wannan ya yi mini ciwo kamar yadda ya yi maka. Na san kai mutum ne da ko ciwon haƙori ba ka son a sani.

Aikin sito ya tafi. An ba wani yaro ɗan Louisiana. Hoyt bai ce komai ba, kuma ka san yadda rashin maganar Hoyt take.

Sun kafa itacen Kirsimeti a falo. Na saya maka riga mai dogon hannu na naɗe, sai na rasa ko in aiko ko in ajiye. Tana nan a kan keken ɗinki.

Layi ɗaya ya ishe ni. Ko zagi ne.

Matarka,
Lavonne

Harker Run
Ƙarshen Janairu, 1984

Lavonne,

Ina fata kina lafiya. Ni ina nan. Na yi mura mai nauyi a sabuwar shekara, ta kwantar da ni, ta wuce. Matar Wendell ta aiko da kabeji mai tsami da nama ranar sabuwar shekarar, na ci.

Duk wasiƙunki na buɗe. Na kasa amsawa ne saboda duk abin da na rubuta sai in tsaya ina tunanin yadda za ki karanta shi.

Barewa nake nufi. Kare da takalma na bayar ne don Twila ba ta son kare, kuma babu ramin kwal a Houston. Kabarin na share don ban san ranar da zan sake ganinsa ba. Na so in hau tudun nan sau ɗaya da abin da na yi da hannuna, in sauko, in kulle gida in taho. Abin da ke raina ke nan ranar da na rubuta.

Kin san yadda garin nan yake yanzu? In na shiga kanti hira takan tsaya. A shagon aski, Lloyd ya juya kujerata don kada in fuskanci inda yake ajiye reza. Mutanen da muka yi shekaru muna zagin juna a rami yanzu sai su dafa kafaɗata su ce, "Yaya jiki, Doyle?" a hankali. Babu mai tsokanata kuma. Ban san zagi abinci ba ne sai da aka hana ni shi.

An buɗe daji an rufe. Daga taga nake jin harbin wasu a kan tudu, irin ƙarar nan mai nauyi. A lokacin ƙotar tana kan tebur babu ƙarfe.

Akwai abin da ya kamata in faɗa miki, don kin fi kowa haƙƙin ji. Na karanta wasiƙar da kika mayar mini, da layukan da kika ja. Na karanta da idonki kamar yadda kika ce. Vonnie, ni ma mutumin da ya rubuta ta ya ba ni tsoro. Na ce miki barewa ce a raina, kuma gaskiya ne. Amma ban san dalilin da ya sa na zaɓi waɗannan kalmomin ba, alhali akwai wasu. Tun da aka ɗauke ƙarfen ba ni da abin yi sai wannan tunani. Kwanakin da nake sassaƙa ban taɓa yinsa ba. Yanzu nake yi.

Kada ki kira kowa. Na faɗa wa Fasto da bakina, ina zuwa wurinsa duk Laraba muna shan kofi mara daɗi. Shi ne ya ce wa Wendell ya mayar mini da kayana, wai ya ga hannuna ya fi lafiya in yana riƙe da wani abu. Albarushin yana wurin Ankeny, shi zai riƙe. Na yarda da haka.

Rigar ki ajiye tukuna.

Doyle

Houston
Fabrairu, 1984

Doyle,

Na gode wa Allah da na ga rubutunka. Na yi kuka a ɗakin wanki inda ba mai gani. Ni lafiya, sai bayana da ya fara ciwo saboda ɗaga mutane. Ka sa wani abu a wuyanka in za ka fita.

Abin da ka faɗa mini ya fi wancan tsoratarwa, amma na gode da ka faɗa. Ban kira kowa ba. Ka ci gaba da zuwa wurin Fasto.

Twila tana son ɗakin ɗinkinta. Ba ta faɗa ba, 'yarta ce ta faɗa a wurin cin abinci, kowa ya sunkuyar da kai. Dole in nemi wuri kafin bikin Ista. Na ga guda biyu. Ɗaya mai ɗaki da falo ne, sai da albashi biyu. Ɗaya kuma ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin wanki, kusa da wurin aiki.

Ba na son labarin katako a amsarka, kuma kada ka ce in ka gama. Tambaya ɗaya nake yi, ka amsa ta yadda ba zan iya karanta ta a karkace ba. Wanne zan kama?

Lavonne

Harker Run
Maris, 1984

Vonnie,

Gaisuwa. Ina fata bayan ya yi sauƙi. Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, tarin yana nan yadda yake. Na je asibitin a ƙarshe, Fasto ne ya kai ni. Sun ce ƙurar kwal ce a huhu, abin da kowa ya sani. Ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa.

Kin ce kada in yi zancen katako. Ki yi haƙuri, ba ni da wata hanyar amsa miki.

Na gama ta. Ba ta da kyau. Inda na liƙa guntun ya fito fili da na shafa mai, kuma tagullar gindin ta ɗan karkace. Ranar Asabar muka kai ta gonar Ankeny. Ya ɗura da kansa, ya ɗaure ta a jikin tayar mota, muka koma bayan itace ya ja kunamar da igiya, don in za ta fashe ta fashe ita kaɗai. Ba ta fashe ba. Ya sake ɗurawa ya miƙo mini. Na saita wani tsohon bokiti, dutsen ƙyastun ya ba da wuta, hayaƙi ya rufe mini ido. Da ya washe, bokitin yana kwance. Ankeny ya tofa taba ya ce, "Mummuna ce kamar mai ita, amma ba ta ƙarya." Vonnie, tun Nuwamba ba wanda ya zage ni sai ranar. Na yi dariya har tari ya durƙusar da ni.

A hanyar dawowa na yi ta ƙoƙarin ganin kaina a Houston. Na ga mutum mai shekara hamsin da biyu, ba numfashi, ba aiki, yana zaune a ɗaki yana jiran matarsa ta dawo da ciwon baya ta ciyar da shi. A nan ma ba ni da komai, na sani. Garin mutuwa yake yi, ni ma ina ganin haka. Amma a nan na san sunan kowane tudu, kuma akwai tebur ɗaya da in na tsaya a gabansa ni mutum ne. Ina tsoron wanda zan zama a can. Ina ganin shi ne mutumin da ya rubuta miki waccan wasiƙar.

Katakon Baba ya yi saura, zai isa guda ɗaya. Ankeny ya ba ni wani tsohon bututu, zan riƙa share masa shago a madadinsa. Jiya na tumɓuke allon sayarwar da ke ƙofa.

Ki kama ɗaki ɗayan. Ba ki karanta a karkace ba.

In kin gaji, gidanki yana nan. Na san ba za ki iya ba, aikin yana can. Na dai faɗa ne.

Mijinki,
Doyle

Houston
Afrilu, 1984

Doyle,

Ina gaishe ka. Na ji abin da likita ya ce. Ka sha maganin yadda suka rubuta, ba yadda ka ga dama ba. Ni ina nan, baya yana yi yana bari.

Na tare ranar Litinin. Ɗakin yana da taga ɗaya mai kallon titi, ƙasan kuma injinan wanki suna ruri har yamma. Sabon adireshin yana bayan ambulan.

Na yi fushi, na gama. Na zauna in rubuta maka duk abin da ke bakina, sai na ga babu wanda zai canza ko ɗaya daga cikinmu. Ba ka zo ba, ni ma ban koma ba. Ban san sunan da ake kiran irin wannan zaman ba, kuma ba zan je wurin lauya ya raɗa masa suna ba. Zan riƙa rubutowa. In ka yi shiru ya daɗe, zan kira Wendell, ka san da haka.

Na ji daɗi da ba ta fashe ba. Da gaske nake.

Ga abin da nake so ka sa a kwali ka ba Wendell ya aiko: tukunyar ƙarfen Innata, hotunan da ke saman talabijin, da labulen ɗakinmu, don tagar nan ba ta da komai. Hoton aurenmu guda biyu ne, ka riƙe ɗaya.

Rigunan sanyina da ke cikin kabad kuwa, kada ka wahalar da kanka. Ka kai wa matar Harlan, tsayinmu ɗaya. A nan ba a sanyi.

Lavonne